Butan, ƙasar da ta rubuta daji cikin kundin tsarin mulki

Can tsakanin ƙasar Sin da Indiya, bisa tsaunukan Himalaya, akwai wata ƴar masarauta mai suna Butan. Faɗinta kilomita murabba'i 38.394 ne, wato kamar kashi ɗaya cikin uku na jahar Tawa, mutanenta kuwa ba su cika dubu 800 ba. Babban birninta Timfu, kuma gidan Wangcuk ke riƙe da sarautarta tun 1907. Akasarin jama'ar mabiya addinin Buda ne.

Abin da ya fitar da sunan wannan ƙasa shi ne dajinta. Kundin tsarin mulkin da ta ɗauka a shekara ta 2008 ya wajabta wa kowace gwamnati ta bar aƙalla kashi 60 cikin 100 na ƙasar a rufe da itatuwa har abada. A yau daji ya rufe wajen kashi 70.

To amma dokar ta tarar da al'ada a zaune. Addinin Buda ya yi hani da kashe mai rai, kuma mutanen Butan na ɗaukar ƙololuwar tsaunuka a matsayin mazaunin iskoki. Saboda haka tun 1994 aka hana hawan duk tsaunin da ya wuce mita 6.000, shi ya sa har yanzu babu wanda ya taka kan Gankar Punsum mai tsawon mita 7.570. A kwarin Fobjika, wasu tsuntsaye dangin gauraka masu baƙin wuya na saukowa daga Tibet kowane lokacin sanyi. Da aka zo kai lantarki wurin, sai aka binne wayoyin cikin ƙasa don kada su kashe su, kuma ana yi musu bikin maraba kowace ranar 11 ga Nuwamba.

Mai karatu na Birnin Ƙonni ko Illela ba zai yi mamakin wannan ba, in ya tuna da shamuwa. Tana yin sheƙarta bisa icce a tsakiyar gari, tana yi wa manomi albishir da damana, kuma babu yaron da ke harbinta. Haka gawo: yana zubar da ganye da damana don hatsi ya sha rana, da rani ya ba dabbobi inuwa da abinci, kuma tsofaffi sun san gonar da ke da shi ta fi yin albarka. Kariyar shamuwa ta ɗore, ta gawo kuwa ta raunana, domin tukunya ba ta jiran wa'azi.

Nan ne Butan ta yi dabara. Kogunanta na ba ta wutar lantarki har tana sayar wa Indiya, ta haka gidaje da yawa suka rage dogaro da iccen girki. Baƙo mai yawon buɗe ido kuma, in ban da na wasu ƙasashen yankin irin su Indiya, yana biyan dala 100 a kowane dare, fiye da jika 50 ke nan, kuɗin da ke shiga baitulmali. Dajin yana ciyar da masu tsaronsa.

Ba a ce komai nata abin koyi ba ne. A 1989 hukuma ta tilasta wa kowa tufafin gargajiya iri ɗaya, ga kuma tsauraran dokokin zama ɗan ƙasa, har mutane kusan dubu 100 masu harshen Nepal suka bar ƙasar a farkon shekarun 1990, suka shafe shekaru a sansanin ƴan gudun hijira. Al'adar da aka ɗora da sanda takan bar tabo.

Darasin ya shafi aljihun ƴan kasuwa da ma'aikata kai tsaye. Idan tuddan Adar suka zama tsirara, ruwan sama na kwashe ƙasa ya zuba ta cikin Majiya, laka ta cike madatsun Mozage da Zango waɗanda ke shayar da gandun noman rani na Ƙonni. Ruwa ya ragu, amfanin gona ya ragu, motocin da ke lodi su koma wayam. Nijar na bikin dashen itatuwa kowace ranar 3 ga Agusta tun 1975, Malbaza kuma ta samu tashar lantarki mai aiki da rana, mai ƙarfin megawat 7, a 2018. Abin da ya rage shi ne magabata su saukaka wa talaka gas na girki, limamai da sarakuna su maido wa gawo martabar da shamuwa ke da ita, wanda ya dasa icce kuma ya koma ya ba shi ruwa cikin bazara.

Allah ya ba da damana mai albarka.