Bayan iska da ruwa: wa ke da alhakin kwashe abin da ya toshe lungu a Fidjrossè?

'Yan uwa, mu mazauna Kwatano mun san halin damina tun daga Afrilu har Yuli. Iska ta taso daga teku, ta karya rassa, ta yaye kwanon rufi, ruwa ya tara yashi da leda a bakin magudana. Kafin a jima an share babban titi. Lungun cikin unguwa kuwa, wanda muke kira von, shi ake bari ana kallon juna.

Tun 2018 gwamnati ta kafa kamfanin SGDS don tsabtar Kwatano, Porto-Novo, Abomey-Calavi, Sèmè-Podji da Ouidah. Aikin da aka san shi da shi: kwasar sharar gida, sharar tituna da yashe magudanai. Mun ga amfaninsa, kuma adalci ne mu faɗa. Amma itacen da ya faɗi a lungu ba sharar gida ba ne, ba kuma a kan kwalta yake ba. Nan ne giɓin yake.

Malamanmu na Malikiyya sun daɗe da raba hanya gida biyu. Akwai mai ɓullewa, wadda hakkin jama'a ce, kula da ita na wuyan hukuma. Akwai kuma wadda ba ta ɓullewa, wadda masu ƙofofin cikinta suka yi tarayya a kanta, gyaranta na kansu. Ibnur Rami, maginin Tunis, ya yi dogon bayani kan wannan tun ƙarni na 14.

To, mafi yawan von ɗinmu masu ɓullewa ne. Ba mu manta ba, a farkon 2017 hukuma ta rushe rumfunan da suka shiga hanya, har aka yi ta ja-in-ja kan sahun Juma'a da ke fita titi, bisa hujjar cewa hanya ta kowa ce. Mun karɓi hujjar. Wanda ya ce hanya tasa ce ranar rusau, ba zai ce ta masu gida ce ranar kwasa ba.

Lungun da ba ya ɓullewa kuwa, a ganinmu nauyin namu ne: mu sare, mu tara, mu fito da shi bakin hanya. Sai dai ko nan bai kamata hukuma ta janye hannu ba, domin ruwa bai san iyakar fili ba. Yashin lungu ɗaya shi ke toshe magudanar da aka ci bashi aka gina, kuma wanda ya ga ambaliyar 2010 ya san inda hakan ke kaiwa.

Abin da muke nema daga ofishin magajin gari da shugabannin unguwanni na gunduma ta 12 kaɗan ne: a sanar da rana da wurin tarawa bayan kowace iska mai ƙarfi, a turo mota. Kwamitocin masallatai su kawo matasa da adduna da baro, a fara da ƙofar gwauraye da tsofaffi.