Na'ura Ɗaya, Masu Bincike Da Yawa

Na'urar bincike mai tsada ba ta amfanar kowa muddin tana kulle a sashe guda. A Sakkwato, inda zafin Afrilu kan haura digiri 40, ƙurar hunturu kuma ba ta raga wa kayan awo, ya fi dacewa Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta tattara manyan na'urorinta a zaure ɗaya mai sanyi. Sannan a raba lokacin aiki bisa nauyin bincike, ba bisa girman muƙami ba. Batun wuta kuwa, Cibiyar Binciken Makamashi da aka kafa a 1982 tana cikin jami'ar, kuma hasken rana fagenta ne. Manazarta Hausa ma su nemi gurbi a jadawalin, domin tawada da takardun ajamin da ke Gidan Tarihi na Waziri Junaidu suna buƙatar awon ƙwararru.