Kumburin Matsarmama: Tiyatar Huji Ba Kayan Alatu Ba Ce

Duk ɗalibin da ya taɓa tsayawa wurin fiɗar rago ya san matsarmama, wato 'yar jakar nan mai koren ruwa da ke maƙale a jikin hanta, wadda mahauci kan cire a hankali don kada ta fashe ta ɓata nama. Ɗan Adam ma yana da irinta. Aikinta shi ne tara ruwan ɗacin da hanta ke samarwa, ta tura shi cikin hanji domin narkar da maiƙo. A wasu lokuta ruwan kan daskare ya zama tsakuwa. Idan tsakuwar ta toshe bakin jakar, sai ta kumbura, ciwo mai tsanani ya taso a ƙasan haƙarƙarin dama, galibi tare da zazzaɓi da amai. In aka yi jinkiri, jakar na iya tara mugunya, ko ta ruɓe ta fashe, har a rasa rai.

Tabbataccen magani shi ne a cire jakar ɗungurungum, domin mutum yana rayuwa lafiya ba tare da ita ba. Likita Carl Langenbuch ne ya fara wannan aiki a Berlin cikin 1882, ta hanyar tsaga ciki. A 1985 wani likitan Jamus, Erich Mühe, ya cire ta ta ƙaramin huji, sannan Philippe Mouret ya biyo baya a Faransa cikin 1987. Yadda ake yi a yau shi ne, bayan an sa majinyaci barci, sai a hura masa iskar kabon-dayoksaid a ciki domin a sami fili. Daga nan a yi huji kamar huɗu, kowanne bai wuce faɗin yatsa ba, a zura kyamara da siraran kayan aiki, likita yana kallon komai a allon talabijin.

Akwai masu ganin cewa irin wannan aiki na masu hannu da shuni ne a manyan birane. Alhali kuwa manomin Bakura ko na Maradun ya fi kowa bukatarsa. Wanda aka tsaga wa ciki kan yi mako huɗu zuwa shida kafin ya iya ɗaukar nauyi, shi kuwa wanda aka yi wa huji galibi yakan koma harkokinsa cikin mako biyu. Ma'aikacin ofis yana da hutun jinya, amma damina ba ta jiran kowa, haka nan shinkafar fadamun Bakolori. Wani abin lura kuma shi ne, Nijeriya ta fi kowace ƙasa yawan haihuwar masu amosanin jini, kuma su ne tsakuwar kan kama tun suna ƙuruciya, saboda saurin mutuwar jajayen ƙwayoyin jininsu.

Ba a musun cewa kayan aikin suna da tsada, suna kuma bukatar wutar lantarki tsayayya da ƙwararrun hannuwa, domin kuskure kaɗan na iya yanke babbar hanyar da ruwan ɗaci ke bi. Likitan kirki, in ya ga wurin ya cakuɗe, yakan koma ga tsaga ciki, kuma wannan ba gazawa ba ce. Saboda haka ba a cewa kowane asibitin ƙauye ya fara wannan tiyata.

Babban abin da ke hannun jama'a shi ne lokaci. Binciken masana ya nuna aikin ya fi sauƙi a kwanakin farko, musamman cikin awa 72, kafin kumburin ya manne da sassan da ke kewaye. Sai dai sau da yawa akan ɗauki ciwon a matsayin olsa ko taifod, a yi ta sayen magani a kemis har dama ta wuce. Ga kuma matsalar tsaro da ke hana tafiyar dare a yankin.

Ke nan abin da ya kamata hukumomin lafiya na Jihar Zamfara su sa a gaba shi ne na'urar hoton ciki mai aiki, da wanda ya iya sarrafa ta, a asibitocin Bakura da Talata Mafara da Maradun, tare da motar da za ta kai majinyaci Gusau ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato ba tare da ɓata lokaci ba. Haka kuma a ɗauki nauyin horar da matasan likitocin jihar a kan tiyatar huji. Malaman kimiyya su ma suna da nasu rabon: su koya wa ɗalibai cewa ciwon ƙasan haƙarƙarin dama da ya wuce awa shida, musamman in da zazzaɓi ko idanu sun yi ɗorawa, na asibiti ne a ranar. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.