Me ya sa na'urar IRM ta yi wa Sukukutane nisa?

Majinyacin Sukukutane da likita ya buƙaci hoton IRM, galibi sai ya yi doguwar tafiya zuwa Yamai. Tsadar na'urar tana cikin maganaɗisunta: wayoyin niobium da titanium ne, waɗanda ruwan helium ke sanyayawa zuwa digiri 269 ƙasa da sifiri, domin lantarki ya ratsa su babu tangarɗa. Helium kuwa daga ƙetare ake sayo shi, musamman Amurka da Katar, kuma yana ƙafewa idan wuta ta daɗe a ɗauke. Don haka binciken rage amfani da shi ya shafi Arewa kai tsaye. A 2018 kamfanin Philips ya fito da na'ura mai cin lita 7, maimakon kusan 1,500. Saura tsayayyar wuta a asibitocinmu.