Haƙƙin Gajiyayyu a Kan Ɗalibai

Ya ku 'yan'uwa ɗalibai, a gidajen gajiyayyu, irin na Shahuci a birnin Kano, akwai dattawan da rashin mai leƙo su ya fi yunwa ci musu rai. Buhun shinkafar da ake kai musu sau ɗaya cikin azumi ba ya maganin kaɗaici.

Imam Abu Yusuf ya kawo a cikin Kitabul Kharaj cewa Sayyidina Umar, Allah Ya ƙara masa yarda, ya ga wani tsoho Bayahude yana bara, sai ya yanka masa rabo daga baitulmali. To, mu ina uzurinmu?

Shawararmu ita ce kowace makaranta ta nemi izinin hukumar gidan, ta kasa ɗalibai rukuni-rukuni, maza wajen maza, mata wajen mata, a tsayar da rana guda kowane mako. A yi musu wanki, a yanke musu farce, a raka marar lafiya asibiti, sannan a zauna a saurari hirarsu. Kada a ɗauki hotonsu don neman suna. Wanda ya san ba zai ɗore ba, kada ya ɗauki alkawari, domin tsoho zai yi ta zuba ido a bakin ƙofa.

Allah Ya kyautata namu tsufan, amin.