Borin Jini Gado Ne, Ba Sammu Ba

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini, in faɗi abin da ya kusa kashe auren ƙanena.

Kwanakin baya ɗansa mai shekara 3 ya sha kunun gyaɗa. Kafin ka ce kwabo leɓɓansa sun kumbura, jiki ya yi ruɗu-ruɗu, numfashi sai da ƙyar. Da yake kishiyar uwar ce ta dama kunun, nan take gida ya ɗauka wai ta zuba masa wani abu. Har an fara cewa ta haɗa kayanta. Allah Ya sa muka garzaya asibiti, aka yi masa allurar adirenalin, ya farfaɗo.

Da likita ya tambaya ko akwai mai asma a danginmu, sai muka yi tsuru-tsuru. Marigayi mahaifinmu da ita ya yi ta fama. Ni kaina da hunturu ya kama, sai atishawa da ƙaiƙayin ido. Ashe duk gida ɗaya suke da abin da ya sami yaron.

Jama'a, a fahimta. Abin da ake gada shi ne jiki mai saurin bori, wanda ke ɗaukar ƙura ko abinci tamkar abokin gaba. Ba lallai ɗa ya gaji ainihin abin da ke tayar wa ubansa ba: na uba ƙura, na ɗa gyaɗa ko ƙwai. In iyaye biyun duk suna da shi, haɗarin ya fi yawa. A shekarar 2000 an binciki tagwaye a Amurka. Cikin masu kama ɗaya, in guda na borin gyaɗa, kashi 64 cikin 100 ɗan'uwansa ma na yi. Cikin marasa kama kuwa, kashi 7 kacal. To, ina kishiya ta shigo nan?

Amma fa kada tsoro ya sa a hana kowane jariri gyaɗa. Wani bincike da aka fitar a Ingila a 2015 ya nuna jariran da aka fara ba su ita da wuri sun fi tsira daga borinta. Sai dai a dama ta, kada a ba da ƙwaya, kuma mai ƙuraje masu tsanani a fara nuna shi ga likita.

Roƙona ga ma'aikatan asibiti, ku riƙa tambayar tarihin dangi kuna rubutawa a kati. Mu kuma in yaro ya kumbura numfashi ya sarƙe, a bar neman mai laifi da turare, a nufi asibiti.

Ita dai baiwar Allah mun ba ta haƙuri, amma har yau ba ta ƙara dama wa yaran gidan kunu ba.

Naka mai karatu kullum,
daga Funtuwa, Jihar Katsina.