An Bar Jaki Ana Dukan Taiki: Hukunci a Wasannin Manyan Makarantu

Gabatarwa

Babu wasan da zai ɗore in babu doka, doka kuwa ba ta da kwarjini in babu hukunci. Abin tambaya shi ne, idan makaranta ta karya dokar wasa, wa ya kamata ya ɗanɗana kuɗarsa? Wannan muƙala za ta duba misalai biyu daga Amurka, inda hukumar NCAA ke kula da wasannin jami'o'i.

Misalai Biyu

A shekarar 1987, hukumar ta haramta wa Jami'ar SMU da ke Dalas buga ƙwallon ƙafa irin na Amurka har tsawon kakar wasa guda, saboda an gano ana biyan 'yan wasa 13 kuɗi a ɓoye, kimanin dala 61,000, alhali doka ta hana. Jami'ar da kanta ta soke kakar 1988. Abin takaici, shugaban majalisar gudanarwarta, Bill Clements, ya amsa cewa da saninsa aka ci gaba da biyan kuɗin, amma ya ƙarasa wa'adinsa na gwamnan jihar Texas. Ƙungiyar kuwa ta kwashe kusan shekara ashirin ba ta farfaɗo ba.

Haka kuma, a 2010 an hana Jami'ar USC shiga wasannin ƙarshen kaka na shekara biyu, aka kuma rage mata guraben tallafin karatu 30, saboda kyaututtukan da ɗan wasanta Reggie Bush ya karɓa. A lokacin, Bush ya yi shekara huɗu da barin jami'ar. Waɗanda suka rasa guraben yara ne da ba su ji ba, ba su gani ba. Daga 2021 aka halatta wa ɗalibai samun kuɗi da sunansu, a 2024 kuma aka mayar wa Bush kambun Heisman da ya ajiye a 2010. To, wa zai mayar wa waɗancan yara damarsu?

Ra'ayin Marubuci

Wasu na ganin dole a hukunta makaranta ɗungurungum, domin ita ta ci ribar maguɗin, kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Wannan hujja tana da ƙarfi, don haka ƙwace kofi da cin tara daidai ne. Sai dai a ganina, hukuncin da ya tsaya kan makaranta kawai mafaka ce ga mai laifi. Makaranta ba ta sa hannu a takarda, mutum ne ke sawa. Wajibi ne a ambaci sunansa, a raba shi da muƙaminsa, hukuncin kuma ya bi shi duk inda ya koma.

Kammalawa

Wannan darasi ya shafe mu. Kwalejojinmu na shiga gasar NICEGA, kuma gobe ku ne malaman wasanni a makarantu. Wata rana za a kawo maka jerin sunaye da ɗan haya a ciki, ko yaron da aka rage wa shekaru, a ce ka sa hannu don makaranta ta ci kofi. Idan asiri ya tonu, ɗalibanka za a kora daga gasa. Idan bai tonu ba, ka koya musu cewa ƙarya na biya. Kafin ka ɗora alƙalami, ka tuna wanda zai biya bashin.